Inda Bututun Ya Kauce

Sharuɗɗan Hiyam biyu ne, kuma ba da bakinta ta gaya wa mijinta ba. Mahaifinta, Alhaji Za'al, shi ya tuƙo mota tun daga Aƙaba ya hauro da su Shobak, ya iske mijin, Mamduh, a gonar tuffa ranar tsinkar ƙarshe. Ya tsaya a tsakanin akwatuna yana jan carbi, ya ƙi kujera, ya ƙi shayi.

"Ta yarda za ta dawo, Abu Lujain," in ji tsohon. "Amma ta ce kada a ƙara kunna wutar jin ɗumi a cikin gidan, ta gas ce, ta kananzir ce, ko ta itace. Na biyu, wancan ɗakin. Kada a bar komai nasa yadda ta san shi. Bango, taga, daɓe, duka."

Mamduh ya goge hannunsa a jikin wando. "Baffa, a Shobak fa muke. Gidan da ba wuta a nan ai kabari ne."

Kalmar ta riga ta fita kafin ya kama ta. Alhaji Za'al ya dube shi, ya mayar da ido kan carbinsa.

"Ni ɗan aike ne, ɗan ɗan'uwana. Shekara biyu ina ganinta zaune bakin taga tana kallon teku. Wannan ne karo na farko da ta buɗe baki ta nemi wani abu. In za ka iya, to, alhamdu lillahi. In ba za ka iya ba, ka gaya mini a rabu da mutunci, don na gaji da amsa tambayar mutane."

'Yarsu Lujain tana da shekara uku da wata huɗu sa'ad da abin ya faru. Sanyin shekarar ya zo da wuri, Mamduh kuwa tsohon soja ne, ba ya aiki rabi da rabi. Ya bi tagogin ɗakin zama da leda mai kauri, ya liƙe kowace kafa da salatif, ya naɗe tsohon bargo ya tura ƙarƙashin ƙofa, har ya kira maƙwabci ya zo ya sa hannu ya ji ko iska tana shigowa. Bayan mako guda, ranar da dusar ƙanƙara ta rufe hanya, Hiyam ta kwantar da yarinyar barcin rana a kusurwar ɗakin, ta kunna soba, wato murhun gas na jin ɗumi, don kada ta ji sanyi, ta ja ƙofa, ta tafi kicin tana murza kwaɓin gurasa. Da aka kira La'asar ta koma tashinta. Ta same ta yadda ta bar ta, hannu ƙarƙashin kumatu, fuska jajur kamar ta wadda ta sha gudu.

Ba wanda ya zargi wani. Liman ya ce kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ya faɗa. Sai dai miji da mata sun daina haɗa ido. Kowannensu yana riƙe da rabin abin da ya faru, yana tsoron ranar da ɗayan zai fito da nasa rabin. Bayan kwana arba'in Hiyam ta ce za ta je Aƙaba ta huta mako biyu, can inda ba a san soba ba. Mako biyun ne ya zama shekara biyu. Mutane suka ci gaba da kiransa Abu Lujain, wato baban Lujain, domin duk wani suna da za su koma kiransa da shi sai ya fi wannan ciwo.

Mu'allim Subhi mutumin Ma'an ne, gajere, mai tumbi, wanda ya yi shekara ashirin yana shimfiɗa bututun ruwan zafi a ƙarƙashin daɓen masu hali a Amman kafin ciwon gwiwa ya koro shi gida. Ya zo ran wata Asabar, ya zagaya gidan yana buga dunduniya a kan tayil yana saurare, kamar mai zaɓen kankana. Hajiya Fadda, mahaifiyar Mamduh, ta tsallako daga gidanta na maƙwabta, tana binsa a baya da sandarta.

"Wutar tana waje, Abu Lujain," in ji Subhi. "Za mu gina wa tukunyar ɗan ɗakinta a bayan gida, ta sha man dizal ɗinta can, ta yi hayaƙinta can. Abin da zai shigo maka ruwa ne kawai, a cikin bututu, a ƙarƙashin ƙafarka."

"Wato za ka gasa mu daga ƙasa," in ji Hajiya, "kamar gurasa a kan kasko."

"In kin gasu a gefe ɗaya sai ki juya, Hajiya."

"Allah ya shirya bakin nan naka. Ni a tanti, ɗakin gashin akuya, aka haife ni, da wuta a tsakiya, ga ni nan na haura saba'in."

"Ɗakin gashi ai kafa dubu gare shi. Iska tana shiga tana fita kamar surukar da ba ta sallama." Ya yi dariyar maganarsa, ya juya wajen Mamduh. "Amma wannan, ko ka liƙe gidan kamar gwangwanin kifi, ka rufe yaranka ciki, ba abin da zai same su."

Ba wanda ya taya shi dariya. Hajiya ta kama hannun rigarsa ta ja shi tsakar gida, wai za ta nuna masa inda za a gina ɗakin tukunyar. Da ya dawo ya cire hularsa ya riƙe a hannu, bai ƙara yin wasa ba ranar.

Abubuwan da ke sama da ƙasa ba su ba Mamduh wahala ba. Ya kwashe katifu da labule da matasai ya kai wa wani gida a bakin gari da gobara ta ci. Ya cire tagar ya sa sabuwa, ya mayar da bangon fari bayan da shuɗi ne. Sobar kuwa tun ranar jana'iza ya jefa ta cikin kwazazzabo. Daɓen ne ya rage. Tsohon tayil ne, ƙanana, masu ɗigo-ɗigon tsakuwa, irin na gidajen da aka gina zamanin ubansa. Shekara biyun nan da ya yi shi kaɗai a gidan, kullum in ya dawo daga sallar La'asar sai ya shiga ɗakin, ya durƙusa a kusurwar, ya ɗora tafin hannunsa a ƙasa, ya yi mata addu'a. Ya san wurin kamar yadda ya san fuskarsa: tayil shida, biyu a faɗi, uku a tsawo, na tsakiya yana da ɗan tsagu a baki. Yana zuwa maƙabarta ranar Juma'a kamar kowa, amma can tudun ƙasa ne da dutse. A nan ne ta yi numfashinta na ƙarshe, kuma a nan yake jin ta.

Ranar fasawa Subhi ya zo da ma'aikata biyu 'yan Masar da injin fasa daɓe. Suka fara daga kicin, suka bi ta ɗakin kwana, ƙura ta turnuƙe gidan, baro yana fita da ɓaraguzai yana dawowa. Mamduh yana taya su kwasa, yana gaya wa kansa cewa ya shirya. Da rana ta yi tsaka suka shiga ɗakin zama. Bakin injin ya ci layi ɗaya, ya ci na biyu, yana matsowa kusurwa. Bai san sa'ad da ya miƙa hannu ya zare wayar daga bango ba. Injin ya mutu.

"Wuta ce ta ɗauke?" in ji mai injin.

"Ku je ku sha shayi," in ji Subhi, idonsa a kan wayar da ke hannun Mamduh. Da suka fita ya ce, "To, ina ji."

"Nan ba za a fasa ba."

"Ɗakin duka muka yi magana, Abu Lujain."

"Shida ne kawai. Waɗannan."

Subhi ya durƙusa da ƙyar, yana dafe gwiwa, ya share ƙurar da ke kan tayil ɗin da gefen hannunsa. Ya daɗe yana kallo. "Allah ya sa mai ceto ce," ya ce. Sannan ya koma muryar sana'a. "Iyawa zan iya. In zagaye su da soso, bututu ya kauce musu, in ɗaga daɓen gidan yatsa ɗaya, sabon tayil ya hau kan tsohon. Ido ba zai gani ba. Amma ka ji ni da kyau, ƙafa za ta faɗa. Ko'ina ɗumi, nan ƙanƙara, don ƙasar Shobak ce a ƙarƙashinsa kai tsaye, ga bangon waje a jikinsa."

"Sai in ɗora kabad a kai."

"Ɗora. Amma bututun nan guda ɗaya ne, daga kansa har wutsiyarsa ba haɗi, haka ake yinsa don kada ya yi yoyo inda hannu ba ya kaiwa. In na zuba siminti, magana ta ƙare. Ranar da ka sake shawara, ba tayil shida za ka fasa ba, ɗakin duka ne, kuma ba a cikin sanyi ba. Abin da ka binne, da shi za ka zauna."

"Wannan na riga na sani, Mu'allim."

Subhi ya miƙe, ya kaɗe gwiwa. "Uwargidan ta san da wannan?"

Mamduh ya sunkuyar da kai yana murza wayar injin da ke hannunsa.

"To," in ji Subhi. "Ni mai bututu ne, ba alƙali ba. Mayar da wayar."

Aikin ya tafi yadda irinsa yake tafiya. Aka daidaita ƙasa, aka shimfiɗa leda, aka jera farin soso mai tauri don kada ɗumin ya gangara ƙasa ya ɓace, aka ɗora ragar ƙarfe a kai. Sannan Subhi ya kwance naɗin jan bututu, yana tafiya da baya a sunkuye, yana ɗaure shi a jikin ragar, zagaye bayan zagaye, tazarar taƙi guda a tsakani, har kowane ɗaki ya zama kamar faifai da aka saƙa da jan zare. A ɗakin zama ne kawai saƙar ta karkace. Bututun ya taho a miƙe, ya iso kusurwa, ya lanƙwasa ya kauce, ya dawo ya sake kaucewa, ya bar tayil shidan a tsakiya kamar tsibiri.

Aka cika bututun da ruwa aka matsa shi da famfon hannu, Subhi ya ja layi da alƙalami a kan gilashin agogon awo, daidai inda allurar ta tsaya. "Kwana biyu," ya ce. "In ta sauka ko da kaurin gashi ne, akwai inda yake ɓoye mana wani abu, kuma ba na rufe ƙasa a kan ƙarya." Ya faɗi haka ba tare da ya dubi kowa ba. Allurar ba ta motsa ba.

A ranar da za a zuba siminti ne Hiyam ta kira shi a waya, karo na farko da ta kira da kanta tun tafiyarta. Mamduh yana tsaye a bakin ƙofar ɗakin zama, injin kwaɓa yana ruri a tsakar gida. Ya riga ya aika wa Alhaji Za'al hotunan aikin, ya ɗauke su daga inda kusurwar ba ta fito ba.

"Na ga hotuna," ta ce. Muryarta ta yi siriri, kamar ta wadda ta daɗe ba ta yi amfani da ita ba. "Sannu da ƙoƙari, ɗan baffa."

"Yawwa, 'yar baffa. Ya jikin?"

"Da godiya." Yana jin ƙarar fanka a bayanta, a watan da shi yake sanye da riga biyu. "Daɓen. Ka fasa duka?"

Tayil shidan suna gabansa, a share, tsagun na tsakiya yana kallonsa. Subhi yana can ƙarshen ɗakin yana gyara abin da ba ya bukatar gyara.

"Duka," in ji Mamduh.

"Alhamdu lillahi," ta ce, ya ji ta saki numfashi. Da yamma siminti ya rufe jan bututun, bayan kwana kaɗan aka jera sabon tayil, manya, masu launin madara, daga bango zuwa bango. Subhi ya cika maganarsa. Ko Mamduh, sai ya ƙirga daga bango kafin ya gane wurin.

Aka jira mako uku siminti ya kama jikinsa, domin in aka yi gaggawar sakar masa zafi tsagewa yake. Sanyi ya shigo sosai a cikin jiran, Mamduh yana kwana da kwat ɗin soja a gidan da ba wuta, Hajiya tana aiko masa da miyar wake da zagi. Da lokaci ya yi Subhi ya dawo ya kunna tukunyar, ya hana a ƙara mata ƙarfi sai kaɗan-kaɗan, kullum ɗan taki ɗaya. A rana ta biyar Hajiya ta shigo duba ɓarnar da aka yi, ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta taka. Ta tsaya. Ta sake takawa. Sai ta jingine sandarta ta zauna dirshan a tsakiyar ɗakin, ta miƙe ƙafafu.

"Yaya, Hajiya?" in ji Subhi. "Kin gasu, ko a ƙara wuta?"

"Rufe mini baki, ɗan Ma'an. Je ka auno ɗakina."

Mamduh ya yi murmushi, na farko cikin wani lokaci mai tsawo. Ya sayo kabad na katako mai ƙofa biyu ya kafa a kusurwar. Da La'asar yakan ture shi gefe, ya ɗora hannu a ƙasa. Sanyin yana ratsa tafinsa har gwiwar hannu, kuma ya fi na da, domin yanzu akwai ɗumi a kewaye da shi. Sai ya mayar da kabad ɗin.

Hiyam ta iso ranar Juma'a, kwana biyu kafin kwana arba'in ɗin nan na tsananin sanyi su kama. Ta fito daga motar mahaifinta cikin baƙar abaya, ta rame, rana ta ƙona fuskarta. Ta sumbaci hannun Hajiya, ta gaida mijinta da kai. A bakin ƙofa ta tsaya, leɓenta yana motsi, sannan ta cire takalmi ta shiga da ƙafar dama. Mamduh yana kallon fuskarta sa'ad da ɗumin ya taɓa ta. Ta bi ɗakunan ɗaya bayan ɗaya tana duban kusurwoyi, ya gane sobar take nema. A ƙofar ɗakin zama ta daɗe. Farin bango, sabuwar taga, katifu masu launin ƙasa, kabad a kusurwa.

"Ban gane shi ba," ta ce.

Aka ci mansaf, shinkafa da naman rago na ranar taro, dangi suka cika gidan, yara suna birgima a ƙasa, mata suna taɓa daɓe da hannu suna salati. Alhaji Za'al ya ce zai kwana a gidan Hajiya, gobe bayan Azahar zai koma. Ya ja Mamduh gefe ya ce, "Jakarta babba tana cikin mota, ta ce in bar ta tukuna. Gobe za mu ji."

Da safe bayan karin kumallo Hiyam ta ɗaure kanta da gyale, ta naɗe ƙafar wando, ta sa silifas na roba, ta fito da bokiti biyu da abin jan ruwa. Macen garin nan ba ta cewa gida nata ne sai ta kwarara masa ruwa da hannunta, daga ƙuryar ɗaki har bakin ƙofa.

"An wanke shekaranjiya, 'yar halak," in ji Mamduh. "Ki huta."

"Wa ya wanke? Kai?" Ta dubi gindin bango. "Ga siminti nan a kowane saƙo. Wankin soja. Kuma jiya rabin Shobak sun taka shi da maiƙon nama. Kama katifun nan."

Ya kama. Suka fitar da katifu da matasai da darduma, ɗakin zama ya zama fili. Ta nufi kabad.

"Bar wannan, yana da nauyi."

Ta buɗe ƙofarsa. Ba komai a ciki. Ya ba da duk abin da zai iya shiga cikinsa, kuma bai tuna ya sa wani abu ba. Ta sa kafaɗa ta tura shi ita kaɗai har bakin ƙofa. "Tsufa ya kama ka, Abu..." Ta tsaya a nan, ta ɗauki bokiti.

Ruwa ya malale ɗakin, kumfar sabulu tana yawo. Ta bi da tsintsiya, ta shiga kusurwar ta fito, ta sake shiga, Mamduh yana bin ƙafarta da ido a kowane taki. Amma silifas ɗin mai kauri ne, bai gaya mata komai ba. Ta ɗauraye, ta ja ruwan da dogon hannu zuwa ƙofa, shi kuma yana karɓa yana korawa tsakar gida. Wani ɗan tururi mai ƙamshin sabulu ya tashi daga ƙasa.

"Dubi yadda yake shanyewa," ta ce, tana tsaye a ƙofa ta dogara da sandar jan ruwan. "A da sai in wuni ina jiran ɗakin nan ya bushe." Akwai wani abu kamar dariya a muryarta. Ya zo ya tsaya kusa da ita, kafaɗarsa ta kusa taɓa tata, ba ta matsa ba.

Suka tsaya suna kallo. Danshin yana janyewa daga tsakiya, yana rarrabuwa kamar gajimare, kowane yanki yana ƙanƙancewa har ya ɓace. Bakin ƙofa ya bushe, gindin taga ya bushe. Kafin a sha kofin shayi ɗakin duka ya bushe, ya yi fari fat, ban da wuri ɗaya. A kusurwa ruwan yana nan kwance yana sheƙi, ya ƙi tafiya, gefunansa a miƙe kamar an ja su da magwaji. Faɗinsa kamu ɗaya da ɗoriya, tsawonsa daidai kwanciyar ƙaramin yaro.

Sandar ta zame daga hannunta ta faɗi. Ta cire silifas, ta taka a hankali har wurin, ta ɗora ƙafa ɗaya a kan jiƙaƙƙen tayil ɗin. Ya ga sanyin ya bi ta har kafaɗa. Ta bi gefen da babban yatsanta, nan ɗumi, nan sanyi, ta zagaye shi kaf.

"Ka ce duka," ta ce, ba ta juyo ba.

"Na faɗa."

"Yana ƙarƙashi?"

"Yana ƙarƙashi. Na kasa, Hiyam. Injin ya zo kai, na kasa."

"Shekara biyu ina roƙon Allah ya mantar da ni wurin nan. Har na fara ruɗewa, kusa da taga ne, ko kusa da ƙofa. Jiya da na tsaya can ban gane ba, na ce an amsa mini." Ta sauke ɗaya ƙafar a kai. "Ashe ka ajiye mini."

"Zan kira Mu'allim. In zafi ya shigo a fasa ɗakin duka, a sake..."

"Kada ka taɓa shi."

Ba da ƙarfi ta faɗa ba. Ta durƙusa, ta zauna a cikin ruwan, ta naɗe ƙafafu, ta shimfiɗa tafukanta biyu a ƙasa, daidai inda yake ɗora nasa.

"Ni na kunna," ta ce.

"Ni na liƙe tagar."

"Na sani. Tun ranar na sani." Babu zargi a ciki, babu kuma yafiya. Ta faɗa ne kamar mai mayar da kayan aro.

Suna nan har aka kira Azahar. Bayan salla muryar Alhaji Za'al ta taso daga tsakar gida, yana kaɗa makullin mota. "Hiyam! Hanya tana jirana. In sauke jakar, ko mu tafi?"

Mamduh ya dube ta. Ta ɗaga kai, ta amsa da muryar da ta fi ta jiya ƙarfi.

"Ka sauke, Baba. Allah ya kiyaye hanya."

Hajiya Fadda ta rangaɗa guɗa a waje. Mamduh ya fita ya karɓi jakar, tsohon ya rungume shi, ya sumbace shi a kumatu biyu, idonsa da ƙwalla. "Ka cika alkawari, ɗan ɗan'uwana. Allah ya yi maka albarka." Mamduh ya ce amin.

Ta zauna, kamar yadda ta ce. Tana girki, tana wanki, tana karɓar baƙi, tana amsa masa in ya yi magana. Maƙwabta suka riƙa zuwa ganin gidan da ba soba, biyu daga cikinsu suka karɓi lambar Subhi. Dusar ƙanƙara ta sauka sau uku a arba'in ɗin, gidan bai taɓa yin sanyi ba. Amma kabad ɗin bai koma kusurwa ba. Da zarar ta idar da aikin rana sai ta tafi can, ba darduma, ba safa, ta zauna da carbinta, wani lokaci ta kwanta a takure, hannu ƙarƙashin kumatu. Kafin wata ya ƙare tari ya kama ta, mai zurfi, wanda maganin likita ya lafar da shi amma bai kore shi ba. Ya kawo mata bargo ta shimfiɗa a ƙarƙashinta. Ta karɓa ta gode, ta lulluɓe tayil ɗin da shi, ta tura gefunan ciki da kyau, ita kuma ta zauna a gefe tana dafe da shi. Washegari ta ɗauke, ta koma kan sanyin.

Wata La'asar ya dawo daga masallaci ya same ta a wurin. Ya cire safa, ya tako har inda ɗumin ya ƙare, ya tsaya. Ta ɗago ta dube shi, ta gane abin da yake so, har ta ɗan muskuta don ta ba shi wuri. Amma tayil shida ne, biyu a faɗi, uku a tsawo, kuma bango yana bayanta. Wurin bai isa mutum biyu ba.

Ya zauna a gefen ɗumin, taƙi ɗaya tsakaninsa da ita, yana jin ruwan yana wucewa a ƙarƙashinsa.